Susie King Taylor: Nas, Matar Soja, Jikar Dolly



Shugaban taro, iyayenmu malamai, ma'aikatan jinya na da da na yanzu, 'ya'yanmu ɗalibai, da matan sojoji da suka taso daga bariki don halartar wannan zama, barkanmu da warhaka.

Duk shekara idan 12 ga watan Mayu ta zagayo, ranar ma'aikatan jinya ta duniya, sunan mace ɗaya ake ji ko'ina, wato Florence Nightingale, domin ranar haihuwarta ce aka ɗauka. Ba na ja da cancantarta. Ita ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, kuma daga can aikin ya sami tsarin da ya iso har gare mu. Sai dai 'yar masu hali ce, wadda in ta rubuta wasiƙa takan isa teburin minista. Matar da zan yi magana a kanta yau baiwa aka haife ta. Ta yi jinyar sojoji a fagen fama, a lissafinta shekara huɗu da wata uku, ba a biya ta ko sisi ba. Da ba ta ɗauki alƙalami ta rubuta abin da ta yi da hannunta ba, da yanzu ba wanda ya san an yi ta. Sunanta Susie King Taylor, kuma labarinta ba ya tafiya sai an haɗa da na kakarta, don ita ce ta sa mata alƙalamin a hannu.

An haifi Susie ranar 6 ga Agusta, 1848, a gandun wani mutum mai suna Valentine Grest, a gundumar Liberty ta jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, kimanin mil 35 daga birnin Savannah. Sunan ubanta Raymond Baker, uwarta Hagar Ann, kuyanga ce mai kai abinci tebur a gidan Grest. Susie ce 'yar fari cikin 'ya'ya tara. A dokar ƙasar a lokacin, ɗa cikin da ya fito yake bi: in uwa baiwa ce, to abin da ta haifa dukiyar ubangidanta ne.

Littafin da ta rubuta daga baya da asalin dangi ya buɗe, kuma ta wajen uwa ta bi shi. Ta ce kakar kakarta, Dolly ta farko, ta yi shekara 120 a duniya, kuma 'ya'yanta maza biyar sun shiga yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila. 'Yar wannan tsohuwa, Susanna, ta haifi 'ya'ya 24, cikinsu 23 mata, kuma tana cikin sanannun ungozomomi na zamaninta. Susanna ta haifi Dolly ta biyu a 1820, Dolly ta haifi Hagar Ann, Hagar Ann ta haifi Susie. Shekarun na iya ƙunsar ƙarin gishirin da labarin baka ba ya rasawa, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Mutanen da ake iya sayarwa gobe a raba su da uwa da ɗa, a ce sun riƙe sunayen iyayensu mata har hawa huɗu, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ku kuma lura cewa kula da marar lafiya gado ne a gidan, tun kafin a san wata takardar shaida.

Dolly ta biyu, wato Dolly Reed, kakar da muke magana, a Savannah take zaune cikin gidan haya tana neman na kanta. Duk bayan wata uku takan ɗauki hayar keken doki, ta loda taba da fulawa da sukari da nama, ta nufi ƙauye ganin 'yarta. A can sai ta yi musayar kayan da ƙwai da kaji, ko ta sayar, ta dawo da abin da ta samo kasuwar birni. Tana kuma wanki, tana gyaran ɗakunan wasu gwauraye. Da wannan ta yi ta tari, kwabo bisa kwabo. Da Susie ta kai kimanin shekara bakwai, Grest ya yarda ta koma hannun kakarta a birni tare da ƙanenta. Abin da Dolly ta yi da wannan dama shi ne ta sa su makaranta, alhali ta san laifi ne. Tun 1829 jihar Jojiya ta kafa dokar da ta haramta koya wa baƙar fata karatu da rubutu, bawa ne ko 'yantacce. Farar fata in ya koyar tara ce da ɗauri, baƙi kuwa tara da bulala.

Makarantar ɗakin girki ce a gidan wata 'yantacciyar baƙar mace mai suna Woodhouse, wadda mijinta ya rasu, ƙawar Dolly. Yara 25 zuwa 30 take koyarwa ita da 'yarta. Kowane yaro zai naɗe littafinsa a takarda kamar saƙon cefane, su riƙa shiga ta ƙofar tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, haka kuma in an tashi. Maƙwabta farar fata da ke ganinsu sun zaci sana'ar hannu suke koyo, wadda ita doka ba ta hana ba. Susie ta yi shekara biyu a nan, ta wuce wurin wata malama, Mary Beasley, har zuwa Mayun 1860, lokacin da malamar ta gaya wa Dolly cewa iyakar abin da ta sani ke nan, sai a nema wa yarinyar wani. Daga nan sai karatun ya koma hannun yara biyu farar fata. Akwai ƙawarta ta wasa, Katie O'Connor, wadda ta koya mata wata huɗu bisa alkawarin ba za ta faɗa wa mahaifin Katie ba, sai kuma ɗan mai gidan da suke haya, James Blouis, wanda ya ci gaba da ita har tsakiyar 1861, lokacin da aka kwashe shi zuwa yaƙi a ɓangaren masu kare bauta.

Karatun bai jira ta girma ba kafin ya fara amfani. A Savannah, da ƙarfe tara na dare ake kaɗa ƙararrawa, kuma duk baƙin da aka gani a waje bayan haka ba tare da takardar izini daga farar fata ba, a ɗakin 'yan gadi zai kwana. Susie, yarinyar da ba ta kai sha huɗu ba, ita ke rubuta wa kakarta da wasu mutane irin wannan takarda. Tsohuwa ta san abin da take yi sarai.

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 tsakanin jihohin Arewa da ke riƙe da gwamnatin tarayya da jihohin Kudu da suka ɓalle don kare bauta. Wani dare 'yan sanda suka kai samame wani taron ibada a bayan gari inda ake rera waƙar 'yanci, suka kama mutane, har da Dolly. An sake ta, amma gari ya yi zafi, aka mai da Susie ƙauye wurin uwarta ranar 1 ga Afrilu, 1862. Kwana goma bayan haka sojojin tarayya suka ci ganuwar Pulaski da ke tsaron mashigin Savannah, kuma ƙarar igwa har ƙauyen ana jin ta. Kawunta ya kwashi iyalinsa, ya haɗa da Susie, suka tsere zuwa tsibirin St Catherine inda jiragen tarayya suke, daga nan aka ɗauke su a jirgin ruwan yaƙi zuwa tsibirin St Simons. A cikin jirgin kwamanda ya tambaye ta ko ta iya karatu da rubutu. Ta ce ta iya. Ya miƙa mata littafi da fensir ya ce ta rubuta sunanta da garinsu. Kwana uku da saukarsu wani babban hafsan sojan ruwa mai suna Goldsborough ya zo ya ce ta buɗe wa yaran tsibirin makaranta. Ta ce in za a ba ta littattafai. Aka aiko da akwati biyu daga Arewa. Tana da shekara 13 ta tsaya gaban yara kusan 40 da rana, da dare kuma manya su zo.

Bari in ɗan ratse kaɗan, don tsibirin nan na St Simons ba baƙo ba ne ga tarihin yankinmu. A farkon wannan ƙarnin na 19 wani Bafillace daga Masina mai suna Salihu Bilali ya yi zaman bauta a can, yana karanta Larabci, yana azumin Ramadan, har ubangidansa ya rubuta labarinsa. A tsibirin Sapelo da ke kusa kuma akwai Bilali Muhammad daga Timbo ta Futa Jalo, wanda ya bar rubutun hannu na Larabci mai shafi 13. Wato tun kafin Susie, an yi masu ilimi cikin bayin wannan gaɓa, ilimin da suka tsallako teku da shi a ka.

A St Simons ta haɗu da Edward King, kafinta ne ɗan Jojiya da shi ma ya tsere daga bauta, suka yi aure a 1862, tana da shekara 14. Ya shiga rundunar sa-kai ta farko ta Karolina ta Kudu, ɗaya daga rundunonin baƙar fata na farko da gwamnatin tarayya ta kafa, ya zama saje a kamfani na E. Kwamandansu Kanar Thomas Wentworth Higginson ne, malamin coci daga Massachusetts mai tsananin adawa da bauta. A 1864 aka sauya wa rundunar suna ta koma ta 33 cikin rundunonin baƙar fata na Amurka. A Oktoban 1862 aka kwashe su zuwa sansanin Saxton kusa da garin Beaufort, Susie ta bi mijinta. Da aka zo shigar da sunanta rajista, sai aka rubuta ta a matsayin mai wanki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita da kanta ta ce wankin da ta yi kaɗan ne, don kullum akwai abin da ya fi shi gaggawa. In sojoji sun sami sarari takan koya musu karatu, ita da mijinta. Ta koyi kwance bindiga, ta goge, ta mai da ta yadda take, ta koyi harbi har tana samun abin da ta auna. Amma babban aikinta jinya ne, kuma a wannan yaƙin mai jinya ya fi mai bindiga ganin mutuwa. Cikin sojoji sama da 600,000 da suka mutu a ɓangarorin biyu, kusan kashi biyu cikin uku cuta ce ta kashe su: atuni, taifot, zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, ƙyanda, agana. Baƙar fata kusan 180,000 ne suka shiga sojan ƙasa na tarayya, kusan 40,000 suka mutu, kuma kimanin 30,000 daga ciki a kan shimfiɗar jinya suka cika.

A Fabrairun 1863 agana ta ɓulla a sansanin. Wani soja na kamfaninsu, Edward Davis, ta kama shi sosai, aka ware shi a tanti shi kaɗai, aka ce daga likita sai mai kula da sansani ke da izinin shiga. Susie ta riƙa zuwa kullum tana jinyarsa har ya rasu. Ta ce ba ta ji tsoro ba, saboda an yi mata lamba, kuma tana yawan shan shayin saiwar wani itace da ake kira sasafaras, wanda ta yi imani yana tsarkake jini. Ɗalibai, a nan ku raba tsaki da tsakuwa. Lambar ce ta kare ta, irin wadda har yau za ku ga tabonta a damtsen iyayenku da aka haifa kafin a shelanta kawar da agana daga duniya a 1980. Shayin kuwa ba abin da ya tsinana, har ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa man wannan saiwa a abinci a 1960, bayan an ga yana haddasa ciwon daji ga ɓeraye. Kuma ba na ce ku riƙa keta dokar killace majinyaci ba. Abin da nake so ku gani shi ne, yarinya mai shekara 14 ta fahimci cewa wanda aka killace yana bukatar mai ba shi ruwa da mai juya shi, ta kuma san tana cikin kaɗan ɗin da za su iya kusantarsa ba tare da sun kamu ba.

Makarantar jinya babu ita a Amurka a lokacin, sai a farkon shekarun 1870 aka fara buɗewa, kuma baƙar mace ta farko da ta sami takardar shaida, Mary Eliza Mahoney, sai a 1879. Don haka kowa a bakin aiki ya koya. A asibitin Beaufort, a 1863, Susie ta haɗu da Clara Barton, wadda daga baya ta kafa ƙungiyar Red Cross ta Amurka a 1881, kuma takan bi ta zagayen majinyata. Ta ce Barton ta karɓe ta da mutunci.

A Yulin 1864 rundunar ta kai hari tsibirin James, dab da birnin Charleston. Aka fara dawowa da masu rauni, wannan ba ƙafa, wancan ba hannu. Suka ce romo suke so, ga shi babu abin yin sa. Abin da ke hannunta 'yan gwangwanayen madara ne da ƙwan kunkurun ruwa. Ba ta taɓa gwadawa ba, kuma ba ta da tabbacin ƙwan zai yi, amma ta haɗa, sai ga kastad ya fito, ta bi su da shi ɗaya bayan ɗaya. A littafinta ta tsaya ta yi mamakin kanta, yadda yaƙi ke cire wa mutum ƙyamar jini, har abin da a da ba za ka iya kallo ba ya zama abin da kake rugawa ka ɗaure. A tsibirin Morris, kusa da ganuwar Wagner inda aka yi mummunan gumurzu a 1863, ta ce takan tarar da ƙoƙunan kawunan mutane a kan hanya, ta kau da su gefe ta wuce. Ita ma ta sha da ƙyar: a ƙarshen 1864 ƙaramin jirgin da take ciki ya kife da dare, wasu suka nutse har da ƙaramin yaro, aka tsamo ta bayan ta daɗe a ruwa.

Yanzu ga matan sojoji. Gwamnatin da ta kira waɗannan mutane su mutu dominta ba ta ga sun kai a biya su daidai da farar fata ba. Farar fata na karɓar dala 13 a wata, baƙi dala 10, a kuma cire 3 kuɗin kaki, ya tashi da 7. Sojojin suka ce ko a biya su cikakke ko a bar shi. Susie ta ce na farkonsu sun yi wata 18 ba albashi. Wannan tsayuwa ba wasa ba ce, domin a wata runduna ta Karolina ta Kudu an harbe Saje William Walker a 1864 bisa laifin tawaye, don ya jagoranci mutanensa suka ajiye bindiga kan maganar albashi. A wannan shekarar majalisa ta daidaita albashin, ariyas ya biyo baya. Ana yawan yabon mazan kan wannan jarunta, kuma sun cancanta. Amma wa ya ciyar da gidajensu wata 18? Susie ta ba da amsa: matan ne, da wankin kayan hafsoshin jiragen ruwa da toya kek da fanke suna sayar wa sojoji a sansani. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar mami a barikinmu ya san wannan hoton. Soja ba ya iya cewa ba ya karɓar rabin albashi sai in akwai mai hura wuta a gida.

A Fabrairun 1865 rundunar ta shiga Charleston ta tarar da gari yana ci da wuta, sojojin Kudu sun cinna kafin su gudu. Tsofaffin bayi suka kama kashe gobara a gidajen iyayen gijinsu na jiya, masu gidajen suna harararsu. An sallami rundunar ranar 9 ga Fabrairu, 1866.

Susie da Edward suka koma Savannah. Ta buɗe makaranta a gidanta da yara 20, kowane yana biyan dala ɗaya a wata. Shi kuwa, duk da ƙwarewarsa a kafinta, ba a ba baƙi irin wannan aiki, sai ya koma kwangilar sauke kaya a tashar jiragen ruwa. A can ajali ya same shi ranar 16 ga Satumba, 1866, ya bar ta da tsohon ciki tana da shekara 18. Ba a daɗe ba aka buɗe makarantar kyauta ta Beach a garin, ɗalibanta suka koma can. Alheri ne ga yaran, ita kuwa hanyar abincinta ce ta toshe. Ta gwada ƙauye shekara guda, ta dawo ta buɗe ajin dare na manya, shi ma ajin kyauta ya kashe shi a 1868. Sai ta kai ɗanta wurin uwarta ta shiga aikatau. Wadda ta koyar da runduna guda karatu ta koma wanki da girki a gidajen masu kuɗi. A 1872 ta karɓi dala 100, haƙƙin sallamar mijinta, ta zuba wani abu daga ciki a bankin da aka kafa don 'yantattun bayi.

Wannan banki, Freedman's Savings Bank, majalisa ce ta ba shi lasisi a 1865, kuma talakawa sun ɗauka gwamnati ce ke tsaye a bayansa. Shugabanninsa farar fata suka yi ta ba abokansu rancen da ba ya dawowa. Da abin ya lalace aka naɗa Frederick Douglass, fitaccen baƙar fata mai yaƙi da bauta, shugaba don a kwantar da hankalin masu ajiya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1874 bankin ya durƙushe da kuɗin mutum sama da 61,000, kusan dala miliyan uku. Cikinsu akwai Dolly Reed. Kusan dala 3,000 ta ajiye, tarin ƙwai da kaji da wanki na shekaru, wanda ta yi dabarar ɓoyewa har yaƙi ya ƙare bai taɓu ba. Ya tafi a lokacin da ƙarfinta ya riga ya ƙare. Jikarta ta ce tsohuwar ta bar wa Allah, tana mai cewa ko da mutanen Arewa sun cinye kuɗin, ai su suka 'yanta jinsinta. Ni kam ba zan iya yi wa ɓarayin wannan rangwame ba, amma ban isa in gyara wa Dolly lissafinta ba. A 1888 ta aika wa Susie cewa ƙarfi ya ƙare, ta zo su gana. Susie ta je a watan Maris, bayan guguwar ƙanƙara ta tsai da tafiye-tafiye kusan mako biyu. Dolly ta rasu a Mayun 1889.

Tun 1874 Susie ta koma Boston da aikatau, a 1879 ta auri Russell Taylor. A 1886 tana cikin waɗanda suka kafa reshe na 67 na ƙungiyar mata masu tallafa wa tsofaffin sojojin tarayya. Ta riƙe sakatariya, ta riƙe ma'aji, ta zama shugaba a 1893. A 1896 ta bi gida-gida tana tattara sunayen tsofaffin sojoji, baƙi da fari, waɗanda aka manta da su, don taimako ya kai gare su.

To, mu koma kan rajistar nan. A 1892 majalisar Amurka ta yi dokar ba matan da suka yi jinyar sojoji fansho na dala 12 a wata. Sharaɗin shi ne mace ta nuna cewa a matsayin nas hukumar lafiya ta soja ta ɗauke ta, kuma ta yi aƙalla wata shida. Masu girki da masu wanki ba sa ciki. Mata sama da 20,000 ne suka yi aiki a asibitocin sojan tarayya, kuma binciken masana tarihi ya nuna baƙar mace an fi rubuta ta a layin wanki ko girki, ko da aikin da take yi ɗaya ne da na farar da aka rubuta nas. Akawun da ya cike wannan layi a 1862 wataƙila ko ɗaga kai bai yi ya dube ta ba, amma abin da ya rubuta shi ya yanke hukunci bayan shekara 30. Kanar Charles Trowbridge, wanda ya gaji Higginson a shugabancin rundunar, ya rubuta mata wasiƙa yana shaida duk abin da ta faɗa, yana kuma baƙin cikin cewa wata ƙa'idar takarda ta hana ta shiga jerin masu fansho. Shaidar kwamanda ba ta rinjayi rajista ba. Masu riƙe da ofisoshin ma'aikata da ke cikin wannan zaure sun fi ni sanin yawan waɗanda ke aikin wani mataki alhali takardarsu na faɗin wani.

A farkon 1898 aka aiko mata cewa ɗanta, ɗan Edward, wanda ke yawo da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo, yana kwance rai a hannun Allah a Shreveport ta jihar Luwiziyana. Ta hau jirgin ƙasa. Da za a shiga Kudu aka ce ta koma taragon masu shan taba, nan ne wurin baƙi. Ta tarar da shi ba ya iya zama, yana roƙon ta mai da shi gida. Ta nemi sayen gado a taragon kwana, aka ce ba a sayar wa baƙi. A can ya rasu a hannunta. Matar da ta yi jinyar sojojin ƙasar, aka hana ta gadon da za ta kwantar da ɗan sojan ƙasar. A hanyar dawowa ta ce ta ga an rataye mutum a Clarksdale ta jihar Misisifi.

Bayan wannan ne ta zauna ta rubuta littafin, Reminiscences of My Life in Camp, wato tunawa da zamanta a sansanin soja. Da kanta ta buga shi a Boston a 1902, Higginson ya rubuta gabatarwa. Shi ne kaɗai littafin da wata baƙar mace ta wallafa kan abin da ta gani da idonta tare da runduna a wannan yaƙi. Ƙarami ne, bai kai shafi ɗari ba, kuma rabin farko a natse yake, kamar rahoton mai miƙa aiki. Ta ambaci sunayen sojojin da ta yi jinya, da na matan da suka yi aiki tare da ita, da farar fatan da suka kyautata mata. Sai a babobin ƙarshe muryar ta tashi, inda take tambaya ko jinin da aka zubar a banza ya tafi, tunda ana ƙona baƙar fata da rai a Kudu kuma ba mai hukunta kowa. Ta kuma yi wa matasan jinsinta faɗa kan saurin manta tsofaffin sojojin da matan da suka tsaya musu.

Ta rasu ranar 6 ga Oktoba, 1912, tana da shekara 64, aka binne ta a maƙabartar Mount Hope ta Boston kusa da mijinta na biyu, ba a rubuta sunanta a kan kabarin ba. Sai a 2021 aka kafa dutse mai ɗauke da sunan. A Agustan 2023 majalisar birnin Savannah ta kaɗa ƙuri'a ta sa sunanta a ɗaya daga tsofaffin dandalin garin, na farko da ya ɗauki sunan baƙar fata. Sunan da aka cire na John C. Calhoun ne, tsohon mataimakin shugaban Amurka, wanda ya tsaya a majalisar dattawa a 1837 yana cewa bauta alheri ce.

Shugaban taro, a nan zan dakata, don a bar lokacin tambayoyi.